Kiɗan da Ya Kori Ragunan Dungas

Mahaifina fatoma ne a Maigatari. Ga wanda bai tashi a garin kan iyaka ba, fatoma shi ne mai masaukin fatake. Ranar Laraba masu dabbobi su tsallako daga Nijar su sauka a gidansa, ya ba su tabarma da tuwo da wurin ɗaure dabba, ranar Alhamis ya shige musu gaba zuwa kasuwa ya tsaya tsakaninsu da masu saye. Baba ba shi da garke, ba shi da shago. Da bakinsa yake ciyar da mu. In ya ce wa baƙo, "Kada ka sayar yanzu, jira azahar," baƙon zai jira ko da rana za ta dafa shi, domin an san maganar Baba ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Rabin wannan kwarjini daga rediyo ya same shi. Yana da wata 'yar ƙarama mai rigar fata da ba ta rabuwa da kafaɗarsa, kuma kafin labari ya iso teburin mai shayi shi ya riga ya ji, ya auna, ya san abin da zai jawo wa farashin rago. Ya ga juyin mulki iri-iri, ya kuma san cewa duk lokacin da soja suka karɓe, abu na farko da ke samun Maigatari shi ne rufe iyaka. Baƙon da aka rufe da dabbobinsa a wannan gefen ya shiga uku, ba gida, ba ciyawa, ga masu kaki suna zagaye shi. Shi ya sa Baba yakan ce soja ba sa sallama da baki, da badujala suke yi. In ka kunna rediyo da sassafe ka ji babu mai magana, sai begila da manyan ganguna, to ka ɗaure kayanka.

Ni ne ɗansa na fari, kuma gidanmu gida ne da aka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ni ne "wancan", in ya yi mini kara kuma "mutumin nan". In yana da magana da ni sai ya faɗa wa ƙanwata, ita ta kawo mini, ko da kuwa ina tsaye a wurin ina ji. Ɗakina yana jikin zaure, kullum sai ya wuce ta ƙofarsa, amma bai taɓa ɗaga labulen ba. Wannan bai taɓa damuna ba, haka na ga ana yi a gidajen maƙwabta. A shekarun da nake magana, wajen tsakiyar shekarun casa'in, na haura ashirin, na gama karatun koyarwa a Gumel ina jiran a tura ni makaranta. Ba ni da aiki, sai girman kai da wando mai kari.

Ina da aboki a lokacin, akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, Kirista mutumin Filato. Shi ke kaɗa fiyano mai lantarki a cocinsu ranar Lahadi, kuma yana da kaset-kaset cike da kwali a ƙarƙashin gado. Mutum ne mai saurin dariya, irin wanda in ta zo masa ko a gaban alƙali sai ya yi. Wata rana ya zaro wani kaset ya ce, "Malam, je ka ji wannan, in ka dawo ka gaya mini ko kana nan yadda kake." A jikin kwalin babu hoton mutum, sai sararin sama baƙi da wani haske ja a gefe. Ya ce wansa ne ya aiko masa daga Jos, kuma wai mutum ɗaya ne a ƙasar Turawa ya haɗa kiɗan duka, shi kaɗai a ɗaki da na'urori. Na ce ƙarya yake yi, mutum ɗaya ba shi da hannu ɗari.

Ni na tashi ne da sanin cewa kiɗa ɗan rakiya ne. Ana yinsa ne don mawaƙi ya hau kai ya yabi wani, ko ya zagi wani, ko 'yan mata su yi gaɗa. Wannan kuwa daga farkonsa har ƙarshensa babu bakin da ya buɗe. Yakan fara da wani gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa a kan titin Gumel. Sai ƙahonni su shigo a hankali, da nauyi, suna maimaita wata 'yar gajeriyar murya, manyan ganguna suna amsa musu. Irin kiɗan nan ne da ake sa wa a fim lokacin da runduna ta ɓullo daga bayan tudu. Yakan daɗe a haka, har ka ɗauka shi ke nan. Daga nan goge su taso, da yawa, suna hawa kan juna, sai kwatsam komai ya yi tsit, gangar inji ta faɗo, dum, dum, dum, ba ta gaba ba ta baya, ƙahonnin nan masu ɗaure fuska su dawo suna tsalle a kanta. Kiɗan disko ne sosai, amma da rigar manya.

Na kamu. Ba zan ɓoye ba, har yau in na ji irinsa a motar haya sai tsigar jikina ta tashi. Nakan kwanta a ɗaki in rufe ido in ga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Na fara raina kalangu, na fara yi wa abokaina na unguwa kallon ƙauyawa. Amma kullum a hankali nake kunnawa, rikodar tana jikin kunnena, saboda batir ɗina ya yi sanyi, saboda kuma ba na son Baba ya ji ni da abin da zai kira shashanci.

Makon da abin ya faru shi ne na ƙarshe kafin Babbar Sallah, tsakiyar bazara, zafi kamar a daka da turmi. Kasuwar wannan Alhamis ita ce kasuwar shekara ga mai rago. Manyan motoci sun zo daga kudu sun yi layi tun Talata. Gidanmu ya cika da baƙi, babbansu kuwa wani dattijo ne da muke kira Alhajin Dungas. Tun zamanin kakana yake sauka a zaurenmu, kuma duk baƙin da ke zuwa mana daga wancan yankin sawunsa suke bi. A wannan karon ya zo da raguna na gani na faɗa, waɗanda ya shekara yana kiwatawa da dusa da harawa, wasu ko tafiya da ƙyar suke yi. Da yammar Laraba Baba ya zagaya su yana shafa bayansu, ya ce masa, "Alhaji, gobe sai ka gaji da masu taya."

Abu biyu suka haɗu, kuma babu wanda ya shirya su. Rediyon Baba ta faɗi a farkon makon, tana Gumel wajen mai gyara, yana ta yawo kamar wanda aka cire wa haƙori. Ni kuma ran Laraba na sayi sabon batir.

Da muka idar da sallar Asuba na riga kowa dawowa daga masallaci, na shige ɗaki, na saki labule, na danna rikoda. Na manta cewa tun kwanakin sanyin batir na murɗe sautin har ƙarshe. Gurnanin nan ya taso, ƙahonni suka biyo, ɗaki ya cika har kwanon rufi yana amsawa. Daɗi ya hana ni ragewa. Ina kwance rigingine sai na hangi ƙafafu ta ƙasan labule, sun tsaya cak. Na san takalman. Suka daɗe a tsaye, ni kuma na yi lamo ina jiran ƙanwata ta zo da saƙon faɗa. Can sai na ga sun juya da sauri sun nufi zaure. Na yi tsaki a raina na ce tsoho ya ji haushi, na miƙa hannu na rage sautin daidai lokacin da gangar rawa ta faɗo. Ban jima ba barci ya kwashe ni.

Da a ce ƙanena ne a ɗakin nan, da Baba ya ɗaga labule ya ce, "Kai, wace tasha ce wannan?" da an gama magana a nan. Amma ni ne a ciki, kuma uba ba ya leƙa ɗakin ɗan fari ya yi masa tambaya.

Ƙanwata ce ta tashe ni, tana jijjiga ƙafata. "Yaya, tashi, an yi juyin mulki!"

Na fito na tarar da tsakar gida a hargitse. Yaran Alhaji suna kwance raguna daga turke, mata suna leƙe ta katanga, Baba da Alhajin suna tsaye a bakin zaure.

"Fatoma, ka tabbata?" in ji Alhajin.

"Alhaji, da kunnena na ji, ba wani ya faɗa mini ba. Badujala ce zalla, babu mai magana. In suka rufe iyaka ragunanka suna nan, sai bayan Sallah, in ma an bar maka su."

"To ga rediyon yarana tana ta gaishe-gaishe, ba ta ce komi ba."

"Wannan tashar ba su kai gare ta ba tukuna. Haka suke yi, ɗaya bayan ɗaya. Ka tashi tun hanya tana buɗe."

Alhajin ya dubi ragunansa. Su ma can ba su daɗe da ganin nasu juyin ba, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ya ce, "In kai ka faɗa, shi ke nan. Yara, kada mu bi ta duwan, shingen 'yan kwastan, jandarma na iya tare mu. Mu yanki daji."

Abin da ya fi ba ni takaici idan na tuna shi ne, ni ma na yarda, ɗari bisa ɗari. Ko kusa ban kawo kaset ɗina a rai ba. Baba ya ce ya ji a rediyo, to ya ji a rediyo, ban ma tsaya na tambayi kaina wace rediyon ba, alhali na san tasa tana Gumel. Na tuɓe riga na taya su kora raguna har bayan gari. Da na dawo na tsaya a ƙofar gida ina yi wa maƙwabta bayani da muryar masu ilimi, cewa nan da anjima za a sa dokar hana fita, kowa ya tanadi ruwa da gero. Wata tsohuwa har ta sa mini albarka. Daga nan na ruga gidan ma'aikata in gargaɗi abokina, don shi baƙo ne, irin wannan rana ba ta yi wa baƙo daɗi. Ya fito yana ɗaura agogo, fuskarsa babu dariya ko kaɗan, muka nufi kasuwa tare mu ga abin da ake ciki.

Labarin ya riga mu isa, kuma ya yi ƙiba a hanya. A wajen mai shayi an san sunan janar ɗin da ya karɓa. Wani ya rantse ɗan'uwansa ya ga motocin yaƙi a Gumel. Wani ya ce an tare hanya a Gagarawa, alhali daga Gagarawan mutane ke ta saukowa daga mota suna tambayar me ya faru. Mutanen ƙauyukan Sule Tankarkar da suka taho da amalanke suka juya shanunsu tun daga bakin gari. Baƙin Nijar da suka ga Alhajin Dungas ya kora nasa, ba su tsaya tambaya ba suka bi sawu. Direbobin kudu kuwa suka sayi abin da ke kusa da hannu, suka loda, suka tayar da mota. A duk garin, waɗanda ba su san an yi juyin mulki ba su ne masu kakin da ke bakin shinge, suna zaune a benci suna cin ƙosai.

Da hantsi ya ɗaga aka fara jin jiki. Tashoshin gida suna ta shirye-shiryensu, tashoshin waje sun karanta labarai ba su ambaci komai ba. Mutane suka koma tambayar juna, wa ya faɗa maka, kai kuma wa ya faɗa maka, har igiyar ta zo ta ƙare a wuyan Baba.

A rumfar dillalai aka tare shi. Jama'a sun yi da'ira, ni da abokina muna daga baya muna leƙe ta kafaɗun mutane. Shugaban dillalan, dattijo ne mai sanyin magana, ya ce, "Fatoma, ba wanda ya taɓa kama ka da ƙarya a kasuwar nan. Don Allah a wace tasha ka ji?"

"A cikin gidana na ji," in ji Baba. "Rediyon yaran gida."

"Wani ya yi magana? An kira sunan wani?"

"Ba a kai ga magana ba. Badujala ce. Ni da na ji ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ba za a koya mini ita ba."

Wani daga cikin taron ya ce, "To yaya take, Baba? Ko mu ma mun ji ba mu gane ba."

Ban taɓa jin mahaifina ya rera komai ba, ko a biki. Amma ranar, don ya kare maganarsa, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya ɗaga sandarsa yana buga ƙasa da ita a madadin ganga, ya rera muryar ƙahonnin nan da hanci. Bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Kunnen Baba kunne ne.

Tun a layin farko na gane kiɗan kaset ɗin nan ne. Na juya in kama hannun abokina in ja shi mu fita, amma na makara. Idonsa ya riga ya kawo ruwa, kumatunsa sun kumbura, ya toshe baki da tafin hannu, sai dariyar ta fashe ta hanci. Kowa ya waiwayo.

"Yi haƙuri, Baba," ya ce, yana haki, "wallahi ba raini ba ne. Ai wannan kaset ɗina ne! Shi na ba Malam aro." Ya nuna ni da yatsa. "Na rawa ne, Baba, farkonsa ne kawai haka."

Sai wani ya ƙyalƙyale, wani ya kama, rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Mutanen da ɗazu suke gudu hula a hannu, har da wanda ɗan'uwansa ya ga motocin yaƙi a Gumel, su ne suka fi kowa riƙe ciki. Na tsane su a lokacin, kuma ban ce na daina ba. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Ban saci komai ba, ban yi wa kowa ƙarya da gangan ba, kiɗa na kunna a ɗakina da batir ɗin da na saya. Duk na san wannan, amma bai rage mini komai ba. Kunyar da na ji ta haɗa da tawa, ta mai wando mai kari da ya tsaya yana koya wa unguwa dokar hana fita, da kuma ta ganin furfurar Baba a tsakiyar masu dariya, sandarsa tana ɗage bai gama sauke ta ba.

Bai dube ni ba. Ko a ranar bai karya al'adarsa ba. Ya sauke sandar, ya ce wa shugaban dillalai, "Kuskure nawa ne. Allah ya ba kowa haƙuri." Ya fita daga rumfar da tafiyarsa ta kullum, ya sami mai babur ya ce ya bi Alhajin Dungas ya dawo da shi. Amma sun yanki daji kamar yadda suka ce, sai bayan la'asar aka gano su, can cikin ƙasarsu, ragunan sun zube a gindin wata bishiya suna haki, biyu sun mutu a hanya saboda ƙiba da zafi. Ko da sun juyo babu wanda za su tarar, manyan motoci sun tafi. Daga baya muka ji a ƙananan kasuwannin can ya sayar da su yadda ta samu.

Mai sayar da kaset na bakin tasha bai yi wata-wata ba. Ya lallaɓi abokina, wanda ashe yana da wani kwafin a kwalinsa, ya kwafi kiɗan, ya rubuta masa suna da jan biro, Juyin Mulkin Fatoma, ya dinga sakinsa a lasifika. Ya sayar da shi kamar ƙosai. Kiɗan da nake taƙama ni kaɗai na san daɗinsa a garin, sai ga 'yan acaɓa suna rera shi da fito. Suna ganin Baba ya taho sai su yi shiru, yana wucewa su ɗora daga inda suka tsaya. Na daina zuwa majalisa. Na daina kula abokina, ko da yake ya zo har gida sau da yawa yana ba da haƙuri, kuma ko a wajen ba da haƙurin sai ya ciji leɓe.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ya zage ni, ko ya ɗauki sandar nan ya sauke mini a baya, da na sami sauƙi. Muka yi Sallah shiru-shiru. Bayan kwana biyu da Sallah, da hantsi, ƙanwata ta leƙo ɗakina ta ce, "Wai in ji Baba, a kai masa abin nan zaure, a kunna a bar shi."

Na ɗauki rikodar na kai. Yana zaune a kan buzu, fuskarsa tana kallon ƙofar waje. Na ajiye a gefensa, na danna, na fita na tsaya a bayan bango inda nake jin komai. Gurnanin ya taso. Ƙahonni suka shigo, ganguna suka amsa. Ban taɓa jin tsawon wurin nan ba sai ranar. Goge suka hau, aka yi tsit, sai gangar inji ta faɗo, dum, dum, dum, ƙahonnin suka dawo suna rawa a zauren mahaifina. Ya bar shi ya yi nisa. Sannan na ji ya ce, ba da kowa yake ba, "Ashe rawa ce." Can ya ƙara da cewa, "Da na ƙara tsayawa kaɗan." Na ji yana laluben maɓallin kashewa bai samu ba, ni kuma na kasa shiga. Sai ƙanwata ce ta je ta kashe.

Makonni suka wuce, baƙi suka ragu, amma Baba yana cewa bayan Sallah dama haka kasuwa take. Kowa a gidan ya san wanda yake jira. Wata Laraba labari ya zo cewa an ga Alhajin Dungas ya tsallako da shanu. Baba ya sa aka share zaure aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi har waje, ya aika cikin gida a ƙara tuwo a yanka zakara. Ya sa farar rigarsa ya zauna a bakin ƙofa.

Da yamma Alhajin ya iso, shi kaɗai, babu shanu babu yara. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da zafi da dabbobi, aka sake zagayowa. Ina tsaye a ƙofar ɗakina, na lura bai tuɓe takalmi ba.

"Bismillah, Alhaji, shigo daga ciki," in ji Baba.

"A'a Fatoma, wannan karon na sauka can gangare, gidan mutumin nan mai ƙofar ƙarfe. Yaran ne suka matsa, ka san yaran yanzu."

"Ai duk gida ne," in ji Baba. "Nan da can duk ɗaya."

"Na ce bari in zo in gaishe ka, in kuma ɗauki 'yan komatsaina."

Yana da wani tsohon bargo da buta da akwatin ƙarfe da yake bari a ɗakin baƙinmu shekara da shekaru, don kada ya riƙa jigila. Baba ya ɗan juya kai, ba wajena ba, wajen bango, ya ce, "Wani ya ɗauko kayan Alhaji ya raka shi."

Na ɗora akwatin a ka, bargo a kafaɗa, buta a hannu, na bi bayan dattijon muka ratsa unguwa. Mutane suna zaune a ƙofar gidajensu, kowa ya ga abin da nake ɗauke da shi, kowa ya ga inda muka nufa, babu wanda ya yi dariya, kuma na gwammace da sun yi. Mun kusa isa ya rage tafiya har na zo daidai da shi.

"Kai ne mai badujalar?"

"Ni ne, Baba."

"Ubanka bai cuce ni ba. Ceto na ya yi niyya, na sani, har gaban Allah zan faɗa." Ya yi 'yan taku. "Amma ɗana, ni ma akwai masu ci a bayana."

Na ajiye kayan a zauren mai ƙofar ƙarfe, wanda ya tarbe mu da fara'ar da ta yi yawa, na juyo. Kafin in iso gida Baba ya naɗe tabarmin waje da kansa ya jingine su. Ƙanwata ta fito da babban kwanon tuwo da na miya, ta tsaya tana raba ido, ba ta san inda za ta ajiye ba.

Baba ya dubi kwanukan. Ya ce, "A kai masa can. Ya saba da miyar gidan nan."

Ta yi ƙanƙanta da ɗaukar kayan, ni na karɓa na sake bin hanyar.